Ma'aunin Numfashi

A nan El Alto iska ba ta da kauri.
Baƙo in ya taka matakala uku sai ya dafa bango,
ya ce zuciyarsa ta koma kunne tana kiɗa.
Mu da aka yanke wa cibi a kan wannan tudu
mun saba da rowar sama:
kaɗan take ba mu, da kaɗan ɗin muke gudu.

Da hantsi Nicanor ya gangaro ƙofar garejina,
lemo maƙil a bayan mota, tun asuba ya baro Caranavi,
baƙin hayaƙi na bin sa kamar mai bin bashi.
Ya ce, "Basilia, a kwari lafiyarta lau.
Da ta fara hawan dutse sai tari,
ta sha mai kamar rairayi, ta ƙi ja."

Na ɗaga bonet. Ban ko kalli fulogi ba.
Na bi bututun iska da yatsa
har inda ɗan akwatin nan yake maƙale,
bai kai gidan ashana ba,
wayoyi uku a ƙeyarsa.
A cikinsa akwai wata fata, ɓawon albasa ya fi ta kauri,
aikinta ɗaya tak:
ta ji nauyin iska, ta faɗa wa ƙwaƙwalwar mota gaskiya.

Na murɗa makulli, ban tayar da inji ba.
Allo ya ce casa'in da biyar.
Na yi dariya.
A nan sittin da biyu ne rabonmu,
ko ranar da sama ta tashi da alheri.
Dauɗar mai ta toshe masa hanci,
har yanzu yana zaton yana can ƙasa cikin ayaba,
inda iska ke da maiƙo.
Shi ya sa ƙwaƙwalwa ke ta zuba fetur
don iskar da ba ta zo ba,
an tuƙa tuwon mutum goma
ga baƙi shida.

Can gaba, bayan matatar iska, ɗan'uwansa na zaune,
zaren waya mai zafi, siriri kamar gashin jariri.
Iska na wucewa tana satar zafinsa,
da sanyin da ya ji yake yin ƙidaya.
Ba a taɓa shi da hannu.
Daga nesa ake fesa masa magani,
a jira ya bushe, kamar ana lallashin mai fushi.

Na wanke su duka biyun. Na mayar.
Sittin da biyu.
Inji ya tashi, ya daidaita murya,
hayaƙi ya washe.

A kusurwa, kan tsohuwar taya, babana Evaristo ke zaune,
ganyen koka a kunci, bargo a gwiwa.
Shekara ashirin da biyu ya yi a ramin kuza na Huanuni,
ya fito da dutsen a ƙirji.
A asibiti suna maƙala masa wani abu a yatsa,
lamba ta fito, ma'aikaciya ta dube ni, ta kau da kai.
Amma in na ce, "Baba, yaya numfashin?"
sai ya ce, "Casa'in da biyar."
Daga bakina ya koyi lambar.

Nasa ma'aunin ba toshewa ya yi ba.
Ya san abin da yake ji,
ni yake wa rangwame.
Kuma duk cikin gwangwanayen da ke kan kantata
babu na wanke wannan.

Nicanor ya biya rabi da kuɗi, rabi da lemo.
Na ɓare ɗaya da baƙin farcena,
na miƙa wa tsoho ɓari.
Yana tsotsa, ina goge sifana,
kunnena na wajensa,
ina ƙirga shiga,
ina ƙirga fita.